Arma 3 da kwaskwarimarsa: abin da na gani bayan wata 5 ina buga shi daga Kano

Ranar da na gaya wa ƙanena cewa na sayi wani wasan harbi na kwamfuta wanda ake ɗora wa mod, dariya ya yi har da riƙe ciki, sannan ya ce, "Yaya, kuɗinka ka zubar, ko mako ba za ka yi ba za su rufe maka asusu." Ban ga laifinsa ba. A wurinsa, da wurin akasarin samarin unguwarmu da ke kwana a kan PUBG da Free Fire a waya, kalmar mod ba ta nufin komai sai manhajar da aka yi wa kutse, wadda ke bai wa mutum damar hango abokin karawa ta bayan bango ko yin harbin da ba ya kuskure, wato maguɗi tsagwaronsa, wanda hukuncin mai yin sa kora ce. A duniyar wasannin kwamfuta kuwa kalmar tana da wata ma'ana da ta girmi wannan. Kwaskwarima ce da masu buga wasa suke yi masa da hannunsu, da sanin kamfanin da ya ƙera shi kuma da yardarsa, su ƙara masa filaye da makamai da dokoki, wani lokaci ma su mayar da shi wani wasa dabam. Da wannan ma'anar nake amfani da kalmar a nan, kuma wasan da nake yi wa bita shi ne Arma 3.

Abin da ya sa ƙanen nawa ya yi shiru shi ne asalin PUBG, wasan da yake tinƙaho da shi. Counter-Strike, wanda har gobe ake gasar duniya a kansa, ya fara ne a 1999 a matsayin kwaskwarimar da wasu matasa biyu, Minh Le da Jess Cliffe, suka yi wa wasan Half-Life. A 2012 wani ɗan ƙasar Niyu Zilan mai suna Dean Hall ya yi wa Arma 2 tasa kwaskwarimar, ya kira ta DayZ, ta samu karɓuwar da ta sa mutane suka riƙa sayen tsohon wasan don ita kaɗai. Daga cikin DayZ ɗin ne wani ɗan ƙasar Ayalan, Brendan Greene, wanda aka fi sani da PlayerUnknown, ya fito da salon nan da ake zuba mutane a fili guda, filin yana ta tsukewa har sai an bar mutum ɗaya a tsaye. Ya kai salon kan Arma 3, daga baya kuma a 2017 abin ya zama PUBG. Ke nan yaron da ke zaune a bakin shagon caji yana buga PUBG a waya, jikan Arma yake bugawa bai sani ba.

Kamfanin Bohemia Interactive na Jamhuriyar Cek ne ya fitar da Arma 3 a watan Satumbar 2013, kuma duk da shekarunsa har yanzu ana cika sabar-sabar ɗinsa, wato kwamfutocin da ake haɗuwa a kansu ta intanet a buga wasan tare, kowane dare. Babban filin wasan wani tsibiri ne mai suna Altis, mai faɗin murabba'in kilomita 270, wanda aka zana bisa tsibirin Lemnos na ƙasar Girka, da garuruwansa da gonakinsa da filin jirgin sama da tsaunuka, sai ƙaramin ɗan'uwansa Stratis mai murabba'in kilomita 20. Wasan yana kwaikwayon aikin soja ne fiye da yadda yake kwaikwayon fim. Harsashi yana sunkuyawa idan ya yi nisa, kayan da mutum ya ɗauka suna gajiyar da shi har bakin bindiga ya riƙa rawa idan ya yi gudu, kuma harsashi ɗaya ko biyu sun isa su kwantar da shi, sau da yawa ba tare da ya ga wanda ya harbe shi ba. Ranar da ƙanena ya fara zama a gaban kwamfutar, ya ɗauki mintuna yana laluben madannin tsalle, sai da na gaya masa cewa a ainihin wasan babu tsalle sam, iyakarsa mutum ya ɗaga ƙafa ya tsallake ƙaramin shinge. Ya dube ni ya ce, "To Yaya, wannan ai wasan tsofaffi ne."

Ana sayen wasan ne a Steam, kantin sayar da wasannin kwamfuta ta intanet, kuma farashinsa na yau da kullum ya daɗe a wajen dala 30, amma wanda ba ya gaggawa ya jira ragin da ake yi a ƙarshen Yuni ko ƙarshen Disamba, lokacin da yakan faɗo ƙasa ƙwarai. Ni a lokacin ragi na saya, da katin biyan kuɗi na dala, domin a lokacin katin nairar da ke hannuna ba ya biyan kaya a waje. Steam yana da wata ƙa'ida da ya kamata mai saye daga nan ya riƙe da kyau: ana iya mayar da wasa a karɓi kuɗi matuƙar ba a wuce kwana 14 da saye ba, kuma ba a buga shi ya kai awa 2 ba. Waɗannan awanni biyun a kashe su wajen gwada ko kwamfutar za ta iya ɗaukar wasan, kada a ɓata su a kallon bindigogi. Akwai kuma ƙarin fakiti da ake saye dabam, kamar Apex na 2016 wanda ya zo da tsibirin Tanoa, amma mai farawa ba ya buƙatar ko ɗaya, sai dai ya sani cewa sabar da ke gudana a kan Tanoa ba za ta buɗe masa ƙofa ba sai ya mallaki Apex. Game da kwafin sata da wasu masu ɗora gem suke zuba wa mutane a kan kuɗi kaɗan, shawarata ita ce a bar shi, domin daɗin wasan duka yana wurin haɗuwa da mutane, kuma sabar-sabar na gaske suna tantance asusun Steam, akasarinsu kuma suna aiki da BattlEye, manhajar da ke kama masu maguɗi.

Kuɗin sayen wasan shi ne ƙaramin abin da mutumin Kano zai kashe. Babban shi ne data. Wasan kansa ya haura gigabayit 30 tun kafin a ɗora masa komai, kuma tarin kwaskwarimar da wata sabar za ta nema zai iya kai wannan ko ya fi. Na sauke nawa ne cikin dare huɗu da datar dare, ina kunna kwamfuta bayan sha biyu in kwanta, kuma abin da ya cece ni shi ne Steam yana ci gaba daga inda ya tsaya idan wuta ta ɗauke ko layi ya yanke, ba ya komawa farko. Wani abin da ban sani ba da wuri, wanda kuma sakacina ne, shi ne kwaskwarimar da mutum ya yi wa rajista a Steam Workshop, sashen Steam da ake sauke kwaskwarima, tana sabunta kanta da zarar masu ita sun fitar da gyara. Wata safiya na haɗa kwamfutar da datar wayata don in aika wasu takardun aiki, kafin in ankara an fara sauke wani sabuntawa mai nauyi a bayan fage, datar da na saya ta wata guda ta tafi kafin azahar. Tun daga ranar na shiga saitin Steam na taƙaita saurin saukewa, kuma ba na buɗe shi a kan datar waya.

Ita kuwa kwamfutar, akwai wani abu da masu zuwa Beirut Road neman ta hannu ya kamata su sani kafin su biya kuɗi. Yawancin masu saye katin hoto kawai suke tambaya, alhali Arma 3 ya fi dogara ga furosesa, wato ƙwaƙwalwar kwamfutar, saboda shi ke lissafin tunanin kowane sojan kwamfuta da tafiyar kowane harsashi a faɗin tsibirin. Mutum zai iya mallakar katin hoto mai tsada, amma da an shiga gari mai sojoji da yawa hoton ya fara tsinkewa. Abin da ya fi taimaka mini shi ne rage nisan hange a saitin hoto zuwa abin da bai wuce kilomita 2 ba idan ina yaƙin ƙasa, da kuma mayar da wasan kan ma'ajiyar SSD, wadda ta rage jiran buɗewa ƙwarai da gaske idan kwaskwarima ta yi yawa. Sai zafi. A watan Afrilu, da rana tsaka, kwamfutar tafi-da-gidanka tana yin zafin da take rage wa kanta ƙarfi don kada ta ƙone, kuma ƙurar hunturun da ta taru a fankarta tana ƙara ta'azzara lamarin. Na kai tawa wurin wani mai gyara ya buɗe ta ya hure, ya sauya man da ake shafa wa furosesa, ya ce mini, "Alhaji, wannan ba gem ne ya yi mata yawa ba, numfashi ne ba ta samu." Bambancin da na gani bayan nan ya fi na duk wani saiti da na taɓa.

Kuskurena mafi girma shi ne na fara daga sama. Na ga bidiyon wasu suna tafiya a jere cikin dare da tabarau mai gani a duhu, suna magana ta oba-oba, na ce lallai nan zan fara. Na nemi sunayen kwaskwarimar, na sauke su ɗaya bayan ɗaya yadda na ga dama, na zaɓi wata sabar mai mutane da yawa, na danna shiga. Allo ya yi baƙi, ya nuna taswira na ɗan lokaci, sai ga saƙo cewa an fitar da ni saboda fayilolina ba su dace da na sabar ba. Na sake, aka sake korata. Sai wajen ƙarfe biyu na dare na gano dalili: na ɗora wata ƙaramar kwaskwarimar sauti da sabar ba ta amince da ita ba, sannan na manta da wata da take buƙata. Abin da ke faruwa shi ne kowace kwaskwarima tana ɗauke da sa hannun masu ita, sabar kuma tana riƙe da makullan waɗanda ta yarda da su kaɗai, saboda haka ƙari ɗaya ko ragi ɗaya ya isa a rufe wa mutum ƙofa. Tsarin yana da tsauri, amma shi ne ke hana wani ya shigo da tasa kwaskwarimar da za ta ba shi fifiko a kan jama'a.

Hanyar da ta dace tana cikin manhajar da ke buɗe wasan, ni ne ban duba ba. Idan mutum ya zaɓi sabar daga jerin da ke cikinta, tana nuna masa abin da sabar ke buƙata da abin da ba ta yarda da shi ba, kuma tana iya sauke masa waɗanda suka rage. Ƙungiyoyin da suka tsara kansu kuma suna bayar da wani ɗan ƙaramin fayil mai ɗauke da jerin kwaskwarimarsu, mutum ya jawo shi cikin manhajar, ita kuma ta haɗa komai yadda ya kamata. Mai hankali zai ware wa kowace sabar nata jerin, ya sa masa suna, kada ya cakuɗa.

Kwaskwarimar da sabon shiga zai riƙa cin karo da sunayensu ba su da yawa. CBA ita ce harsashin ginin, ba a ganin aikinta da ido amma galibin sauran a kanta suke tsaye. RHS tana kawo kayan yaƙin Amurka da na Rasha na wannan zamani, a madadin na ainihin wasan waɗanda aka ƙirƙira don labarin da ke faruwa a shekarar 2035, kuma ita ce ta lashe kyauta mafi tsoka a gasar masu kwaskwarima da kamfanin ya shirya, wadda jimillar kyaututtukanta ta kai yuro 500,000. CUP tana dawo da filaye da kayan tsofaffin wasannin Arma, kuma tana cikin masu cin data. TFAR da ACRE2 su ne na oba-oba, dukansu suna aiki ne ta manhajar TeamSpeak 3, wadda sai an ɗora ta dabam an kuma saka mata wani ɗan ƙari, kuma a nan ne sababbi da yawa suke sarewa. Amma wadda ta fi sauya wasan ita ce ACE3. Da ita rauni ya koma abin da ake dubawa gaɓa-gaɓa: hannu ne ko ƙafa, yanka ne ko huda, jini nawa ya zuba, bugun zuciya yana nawa. Har toshe kunne sai mutum ya tuna ya saka, in ba haka ba ƙarar babbar bindiga ta bar shi da kunne yana ƙugi, ba ya jin umarnin da ake ba shi.

Da zan sake farawa, da mako na farko ban taɓa kwaskwarima ko ɗaya ba. Wasan yana zuwa da darussan horo da aka ƙara masa a 2014, da wani ɗakin makamai inda mutum zai gwada kowace bindiga shi kaɗai ba mai yi masa dariya, kuma a nan ake koyon abubuwan da ke raba ɗan koyo da wanda ya iya: karanta taswira, amfani da kamfas, daidaita tsayuwa a bayan katanga, da bambance kakin abokin tafiya da na abokin gaba, wanda rashin iya shi ne ke sa sabon shiga ya harbe nasa a kore shi. Bayan nan sai salon wasan da ake kira King of the Hill, inda rundunoni uku suke kokawar mallakar gari guda, ana mutuwa ana dawowa cikin sauri, kuma akwai sabar-sabar ɗinsa da ba sa buƙatar ƙarin komai. Shi ne ya fi kusa da abin da ɗan PUBG ya saba, kuma a nan ƙanena ya fara sassauta ra'ayinsa.

Sai a wata na biyu na shiga irin wasan da ya ja ni tun farko, tare da wata ƙungiya da akasarin mutanenta suna Turai. Mun shafe kusan minti 40 ba a harba ko harsashi ɗaya ba. Shugaban tawaga ya yi bayani a kan taswira, aka raba mu gida-gida, aka duba mitar oba-oba, muka hau jirgi mai saukar ungulu, aka sauke mu nesa da wani ƙauye, muka taka. Abin da ya fara ba ni mamaki shi ne murya. Wanda ke kusa da ni ina jin sa a kunnen da ke ɓangarensa, idan ya yi nisa muryar ta dusashe, shi kuwa shugaban da ke bayan tudu muryarsa tana zuwa ta oba-oba da ƙarar shaa, tana yankewa saboda tudun ya tare. Muna tsallaka wata gonar zaitun aka buɗe mana wuta daga inda ban gani ba. Allona ya yi ja, ya dusashe, na faɗi. Na danna madannan duba kai kamar yadda aka koya mini, hannuna na gaske yana rawa, na ga ƙafar hagu ce, na ɗaura mata maɗaurin tsayar da jini. Wani ya ja ni ta wuyan riga zuwa bayan katanga, likitan tawaga ya durƙusa a kaina yana faɗin abin da yake yi ɗaya bayan ɗaya, bandeji, allurar rage zafi, duba bugun zuciya, yana kuma gargaɗina kada in manta da maɗaurin a ƙafa. A daren nan gaba ɗaya harsashin da na harba bai kai 20 ba, kuma ban tabbata na sami kowa ba, amma ban taɓa fita daga wani wasa da jiƙaƙƙen tafin hannu irin na ranar ba.

Tambayar da kowa ke yi mini ita ce ta jinkirin layi, abin da masu wasa ke kira ping. Saƙon da ya tashi daga Kano sai ya gangara Legas, inda wayoyin intanet na ƙarƙashin teku suke sauka, kafin ya haye zuwa Turai ya dawo, kuma a kan layina nakan ga tsakanin 150 da 200 a sabar-sabar Jamus da Faransa da Ingila idan dare ya yi kyau. A wasa irin Counter-Strike, inda ake arangama gaba da gaba a lungu, wannan jinkirin ya isa ya hana mutum sakat. A Arma kuwa yawancin musayar wuta daga nisan ɗaruruwan mita ake yin ta, kuma wanda ya fi iya zaɓen wurin tsayuwa ya fi mai saurin yatsa riba, saboda haka jinkirin bai cika damuna ba. Abin da ke ɓata wasa shi ne layin da ke rawa, ya yi kyau yanzu ya tsinke an jima. Idan haka ta faru wata alamar sarƙa takan bayyana a gefen allo, mutane su daskare a inda suke, motar da mutum yake tuƙawa kuma ta iya bayyana a jikin bishiya da fasinjojinta duka. Saboda haka na daina karɓar tuƙi ko tuƙin jirgi a cikin tawaga, kuma na gaya musu dalili. Wasu sabar-sabar ma suna da iyakar jinkirin da suke ɗauka, da an haura su fitar da mutum, don haka a duba kafin a kashe data wajen sauke kayansu. Haɗa kwamfuta da rauta ta waya ya fi dogaro da iska, kuma ƙaramin batirin da zai riƙe rautar idan an ɗauke wuta ya fi kowane kayan ado da ake saya wa kwamfuta amfani.

Lokaci ma abin dubawa ne. Agogonmu daidai yake da na Jamus da Faransa a lokacin sanyinsu, a lokacin zafinsu kuma suna gabanmu da awa guda, wanda ke nufin wasan da suka sa ƙarfe takwas na dare yakan faɗo mana tsakanin magariba da lisha ko dab da lisha. Wasan kuma yakan ɗauki awa 2 zuwa 3, ba a tsayar da shi don mutum ɗaya. Na gaya wa shugaban tawagar tun farko cewa zan riƙa tashi salla, ya ce in sanar ta oba-oba in bar sojana a wuri mai kariya, kuma ba a taɓa yi mini ƙorafi ba. Turancin da ake buƙata ba mai zurfi ba ne, na kwatance ne da lambobin kamfas, amma wanda ba ya iya magana a makirufo ba zai ji daɗin irin wannan ƙungiya ba.

Inda wasan ya biya ni kuɗina da gaske shi ne a zauren gidanmu. Mu huɗu ne yanzu, da ni da ƙanena da abokansa biyu da suke karatu tare a Jami'ar Bayero, kowa ya sayi nasa wasan a lokacin ragi, amma ba wanda ya sake sauke gigabayit ɗin nan. Steam yana ba da damar kwafe fayilolin wasa daga wata kwamfuta zuwa wata ga wanda ya mallake shi, ita kuma kwaskwarimar tana zaune ne a foldar Workshop mai lamba 107410, ana iya kwashe ta a ma'ajiyar hannu a zuba wa kowa, sannan a nuna wa manhajar buɗe wasan inda take. Wadda aka ɗora ta wannan hanya ba ta sabunta kanta, kuma a wurinmu wannan alheri ne, tunda kowa yana kan abu guda. Muna haɗa kwamfutocin a rauta ɗaya, tawa ta zama sabar, jinkiri ya ɓace, data kuma ba ta tafiya sai ɗan abin da shiga asusu ya ci. Ba ma buƙatar oba-oba tunda muna jin juna.

Abin da muke bugawa shi ne wata kwaskwarima mai suna Antistasi, kalmar Girkanci mai nufin turjiya. Ana farawa ne a matsayin 'yan sari-ka-noƙe marasa kayan kirki, a riƙa tsintar makamai a fagen fama, a ƙwace shingen bincike, a ja ra'ayin garuruwa, kuma ana ajiye inda aka tsaya a ci gaba wani makon. A zamanmu na farko mun yi kwanton ɓauna a wata kwana muna jiran motar kaya, na ce kada kowa ya harba sai ta shigo tsakiya. Motar tana ɓullowa daga nesa ƙanena ya zazzage mata gidan harsashi guda, ta tsaya, sojoji suka watsu, ba a jima ba jirgi mai saukar ungulu ya iso ya share mu duka. Aka yi tsit, sai ɗaya daga cikin abokansa ya ce, "Yaya, don Allah a karɓe bindigar nan a ba shi jakar magani." Shi ne likitanmu har yau, kuma ya ƙware.

Wasan yana da nasa nauyin da ba ya ɓoyuwa. Madannansa sun yi yawa, kusan kowane harafi yana da aiki biyu ko uku, kuma ACE3 tana ƙara nata a kai. Sojojin kwamfuta wani lokaci su hango mutum ta cikin ciyawa daga nesa, wani lokaci kuma su kasa tuƙa mota ta kan gada. Motsin jiki yana da nauyi, musamman a cikin ɗaki, kuma shekarun wasan suna nunawa. Shi kamfanin ya fitar da Arma Reforger, wanda ya fara fitowa a 2022, mai sabon inji, wanda ake samu har a Xbox da PlayStation 5, kuma a cikinsa kwaskwarima tana sauka da kanta idan mutum ya zaɓi sabar, abin da ke kawar da rabin wahalar da na ba da labari. Sai dai yana neman kwamfuta mai ƙarfi, kuma saukewar da ke zuwa da kanta ba ta tambayar mutum nawa ya rage a datarsa. Ga mai tsohuwar kwamfuta da ƙididdigaggen layi, Arma 3 ya fi dacewa da aljihu, ga shi kuma da tarin kwaskwarimar fiye da shekara 10.

Akwai abu biyu da suka shafi inda muke zaune. Na farko, sautin wasan yana kama da na gaske ƙwarai, kuma a garin da jama'a suka san ƙarar bindiga ba a fim ba, sakin sa a lasifika da tsakar dare rashin tunani ne. Mu da abin sawa a kunne muke bugawa, ƙofar zaure a rufe, kuma ba ma barin ƙananan yara su zauna, tunda a Turai ma 'yan shekara 16 zuwa sama aka ware wa shi. Na biyu, an sha yanko bidiyon Arma 3, musamman na harbo jirgi cikin dare, a yaɗa shi a matsayin hoton yaƙi na gaske, har kamfanin ya fitar da sanarwa a 2022 yana bayanin yadda ake gane irinsa. Na taɓa ganin ɗaya a wani zauren WhatsApp na 'yan'uwa, ana ta salati a ƙarƙashinsa, ni kuwa na gane tsaunin da ke bayan hoton saboda na sha mutuwa a gindinsa.

Ga wanda abin da yake so shi ne ya buɗe wasa ya yi harbi na minti 15 kafin a kira shi, wayarsa ta ishe shi, kuma zai yi da-na-sanin kuɗinsa a nan. Wanda ke da kwamfuta mai furosesa mai kyau, da abokai biyu ko uku da za su saya tare, da ma'ajiyar hannu guda da za ta zaga tsakaninsu, shi nake ba shawarar ya jira ragin Yuni ko na Disamba. Mu dai a zauren mun ƙwace garuruwa uku da ma'aikata ɗaya a kudancin Altis, kuma Asabar mai zuwa bayan la'asar filin jirgi muke hari, idan batirin inbata ya cika.